Minti Bakwai a Ƙasan Jan Layi

Idirisu Almahdi ya riƙe littafin sa hannu na ofishinsu shekara ashirin da ɗaya, kuma a cikin shekarun nan sau ɗaya tak sunansa ya faɗa ƙasan jan layi. Ranar Talata ce, sha biyar ga watan Agusta na shekarar 2017, ƙarfe takwas da minti bakwai na safe. Shi ya rubuta da hannunsa.

An haife shi a Umdurman a 1963, a wani gidan ƙasa da ke bayan layin maƙera na babbar kasuwa. Kakansa, Malam Tanimu, mutumin Haɗeja ne. Ya baro gida a ƙafa da niyyar aikin hajji, shi da matarsa da jaki ɗaya, suna tafe suna tsayawa yin ƙodago a gonakin mutane, har shekara shida kafin su ga ruwan Nilu. A Umdurman matar ta haihu, Malam Tanimu ya ce bari a huta damina ɗaya jaririn ya yi ƙwari. Daminar nan ce ta zama shekara arba'in. Ya rasu bai ga Makka ba, ya bar carbi na ƙwallon goriba wanda ya yi baƙi yana sheƙi saboda yawan ja. Jaririn nan shi ne Almahdi, mahaifin Idirisu. Ya tashi maƙeri, ya ƙare rayuwarsa yana ƙera akwatunan ƙarfe masu fenti shuɗi da alhazai ke saye su zuba kayansu. Akwatunansa sun je Makka ba adadi, shi ko Bur Sudan, inda alhazan ke shiga jirgin ruwa, bai taɓa zuwa ba. Da ciwon ajali ya kama shi, ya miƙa wa Idirisu carbin ya ce, "Na Baba ne. Duk wanda ya sami hanya a cikinku ya kai shi."

Idirisu bai gaji ƙira ba, don tun yana ƙarami aka lura rubutunsa ya fi dukansa kyau. A 1986 ya sami aikin masinja a wani ƙaramin ofishin gwamnati a Khartum, inda ake ajiyar taswirori da tsofaffin takardun filaye. Bayan shekara huɗu aka mai da shi akawu. A 1997 aka danƙa masa littafin sa hannu.

Littafin babba ne, mai koren bango, ana buɗe shi a kan tebur a bakin ƙofar shiga. Kowane shafi gida uku ne: suna, lokacin isowa, sa hannu. Ƙarfe takwas daidai mai riƙe da littafi zai ɗora rula a ƙasan sunan ƙarshe ya ja layi da jan biro. Duk wanda ya zo bayan nan a ƙasa zai rubuta, kuma ƙasa uku a wata ɗaya takardar gargaɗi ce a fayil ɗin mutum. In an tashi aiki a kulle littafin a durowa. Kafin Idirisu, ana jan layin nan ne in abokan mai littafi sun gama hallara, wani lokaci tara saura kwata, wani lokaci sai an ci karin kumallo. Idirisu ya sa makullin durowar a zare ya rataya a wuya, ya daidaita agogon hannunsa da rediyo, ya soma jan layi ƙarfe takwas.

Kowace safiya akwai kallo. Sai ka ga babban mutum da tumbi da jaka ya yanko da gudu daga bakin get yana ihu, "Ammu Idirisu! Riƙe rular! Don Allah riƙe rular!" Ammu kuwa baffa ke nan da Larabci, haka kowa ke kiransa a ofis.

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ni na ji ka, ɗan'uwa. Agogon ne ba ya jin Larabci, ba ya jin Hausa." Ya ja layinsa, ya miƙa wa mutumin biro yana tambayarsa lafiyar yara.

Abin ya ci masa ƙarin girma sau uku. Akwai shekarar da ɗan 'yar'uwar mudir, wato shugaban ofis, ya faɗa ƙasan layi sau goma sha ɗaya. A shekarar ce fayil ɗin Idirisu ya ɓace a hanyarsa ta zuwa gaban kwamiti, sai bayan an gama zama aka tsince shi a bayan kabad. Wani mudir ɗin ya rubuta a rahotonsa na ƙarshen shekara: "Mai ƙwazo ne, amma ba shi da sassauci." Matasan da ya koya wa yadda ake huda takarda a sa a fayil sun zama shugabanninsa, suna wucewa ta gabansa suna cewa, "Ammu, ya ƙoƙari?" Bai riƙe kowa a zuci ba. Abin mamaki kuma, mutanen ofis ba su ƙi shi ba. In ƙarfe goma da rabi ta yi aka kawo babban kwanon ful, waken nan da ake dama shi da man riɗi da albasa, shi ake ba burodi ya raba, don kowa ya san ba zai fifita kowa ba, har kansa.

Ƙarfe shida da minti ashirin yake fita gida. Ya taka zuwa tasha, ya hau bas, a haye gadar Farin Nilu, bakwai da kwata yana zaune ƙarƙashin darbejiyar bakin get yana shan shayin Hajaratu. Ita Hajaratu daga ƙauye suka gudo shekarun fari, ta kafa murhunta da ƙananan kujeru a gindin bishiyar nan, rediyonta rataye a reshe, kuma ba wanda zai shiga ofishin nan bai wuce ta gabanta ba.

A gida kuwa akwai Awadiyya, matarsa, mai haɗa humra da turaren wuta na amare, mace mai dariyar da ake ji daga gida na uku. Takan ce wa maƙwabta, "Ni agogo na aura. In kun ga Abu Suhaila ya fito, ku ɗora tukunya kawai." Suhaila ita ce 'yarsu ɗaya, malamar firamare, wadda ke fara magana da Hausa ta ƙarasa da Larabci.

Mutum ɗaya ne a ofis yake kamo ƙafar Idirisu wajen zuwa da wuri, wani akawun taswira mai suna Muzammil, ɗan shekara arba'in, mai fara'a da yawan barkwanci. Takwas saura goma yake isowa. Ya sa hannu, ya rataya kwat ɗinsa a bayan kujera, ya buɗe fayil ya ɗora tabarau a kai, ya ajiye rabin kofin shayi a gefe. Daga nan sai ƙofar baya. Yana da ƙaramar motar haya, da ita yake wuni tsakanin tsakiyar Khartum da unguwar Alsahafa, sai wajen biyu da rabi ya dawo ya ɗauki kwat ɗinsa. Duk wanda ya leƙa ya ga tabarau zai ce ya zaga ne. Idirisu ya rubuta takarda sau biyu, a 2009 da 2014, yana ba da shawarar a ƙara gida na huɗu a littafin don sa hannun tsakar rana. Bai ɓoye wa Muzammil ba, ya nuna masa kafin ya miƙa. Duka biyun an buga musu hatimi an sa a fayil, shi ke nan.

A watan Janairun 2017 aka kawo sabon mudir, Ustaz Wa'il. Ƙungiyar ma'aikatan ofishin takan ba da kujerar umara ɗaya duk shekara, kuma a da mudir ne ke nuna wanda ya ga dama. Ustaz Wa'il ya tara mutane a baranda ya ce daga bana littafi ne zai yi zaɓe. Wanda ya cika shekara sunansa bai faɗa ƙasan jan layi ba, kujera tasa ce. In an yi kunnen doki, wanda ya fi daɗewa a aiki ya ɗauka.

Bai rufe baki ba kowa ya waiwaya ya dubi Idirisu. Aka sa tafi. Muzammil ya ɗaga hannunsa sama kamar ɗan dambe ya ce, "Haj Idirisu! Ka tuna da mu a addu'a, ko da mu 'yan ƙasan layi ne!"

Idirisu ya sa hannu a aljihu ya taɓa carbin Malam Tanimu. Shekararsa hamsin da huɗu, matakin albashinsa bai motsa ba tun 2003, ya daɗe da cire rai zai taka ƙasar nan mai tsarki. Yanzu ga hanya ta zo, kuma ta ƙofar da ya fi kowa sani.

Awadiyya ba ta jira Disamba ba. A watan Maris ta shiga kasuwar Umdurman ta sayo harami fari ƙal, ta turara shi, ta ninke ta sa a akwatin ƙarfen da Almahdi ya ƙera da hannunsa. Suhaila ta kawo takalmi da ɗamara. A watan Mayu aka sayo ɗan rago don karama, wato yankan godiya da za a yi in za a tafi. Suhaila ta sa masa suna Jidda. Ya riƙa cin ɓawon kankana da ragowar kisra, wainar dawar nan ta Sudan, a tsakar gida har ya fara tunkuyin baƙi.

"Ku bari a ga ƙarshen shekara mana," in ji Idirisu.

"Shekara ashirin ba ka makara ba, sai bana?" in ji Awadiyya. "Tafi can ka koyi yadda ake ɗaura harami, kada ya zame maka a gaban jama'a ka ba mu kunya."

Zuwa ƙarshen Yuli, cikin ma'aikata talatin da ɗaya, mutum biyu ne suka rage ba su taɓa ƙasan layi ba: Idirisu da Muzammil.

Ranar sha biyar ga Agusta aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Idirisu ya ga yadda lungunsu ya zama rafi, ya fita shida saura goma, rabin awa kafin lokacinsa. Ya daɗe a tasha kafin bas ya zo. Suka kutsa cikin ruwa a hankali har tsakiyar gada, nan injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Gaba motoci, baya motoci, ba mai motsi. Ya dubi agogo, bakwai da minti ashirin da biyar. Ya sauka, ya naɗe ƙafar wando, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya kama tafiya. Iska ta juye masa lema, ya ninke ta ya sa a hammata. Inda ruwa ya kai gwiwa ya ratsa, inda ya sami tudu ya yi sassarfa, yana haki yana salati. Da ya shigo get ya ɗaga hannu ya share fuskar agogo da babban yatsa. Takwas da minti bakwai.

Mutum ashirin da uku ne tsaye a baranda, duk a jiƙe, ba wanda ya sa hannu, don littafi na cikin durowa, makulli kuma na wuyan Idirisu. Ustaz Wa'il ma bai iso ba, ruwa ya tare shi a Alsahafa.

Muzammil ne ya fara magana. "Ammu, buɗe littafi. Yau kowa takwas saura kwata ya zo. Ko ba haka ba, jama'a?"

"Haka ne!" aka amsa gaba ɗaya.

"Ni agogona ma ruwa ya shige shi," in ji wani.

"Nawa tun jiya yake gaba da minti goma."

Idirisu ya buɗe durowa, ya shimfiɗa littafin, ya rubuta kwanan wata a saman shafi. Shafin fari fes, ba kowa a kai. Zai iya sa sunansa na farko kamar kullum, bakwai da kwata, mutum ashirin da uku su shaida. Ba wanda za a cuta, in ji zuciyarsa, ruwa kuma ba shi ya saukar ba. Ya ji nauyin carbin a aljihun rigarsa da ta manne masa a jiki. Ya tuna haramin da ke cikin akwati. Bakin biro ya sauka a kan takarda.

Sai ya ɗaga kai ya haɗa ido da Ni'imatu, mai buga takardu. Shekara uku da suka wuce ta taɓa isowa takwas da minti biyu daga asibiti, ta kwana da ɗanta mara lafiya, kuma ƙasanta na uku ke nan a watan. Ta roƙe shi har da hawaye. Ya ba ta haƙuri, ya raka ta har ofishin mudir ya yi mata bayani, amma bai matsar da layi ba, takardar gargaɗin kuma ta shiga fayil ɗinta.

Ni'imatu ta gane abin da yake tunani. Ta gyara lafayarta ta ce, "Ammu, rubuta. Wallahi na yafe tuntuni."

"Na gode, 'yata," in ji shi. "Amma in na matsar da shi yau, to ranar nan zaluntarki na yi."

Ya ɗauke biro. Ya ce, "Su wa suka iso kafin takwas?"

Aka yi ta musu, kowa na cewa shi bai duba ba. Idirisu ya rufe littafin, ya sa shi cikin riga, ya sake fita cikin ruwa zuwa gindin darbejiya, mutane na biye da shi suna dariya suna tsalle-tsallen kududdufi. Hajaratu na zaune ƙarƙashin ledar da ta ɗaura a rassa, tana fifita gawayi.

"Uwar shayi, wa da wa suka wuce kafin a fara labaran ƙarfe takwas?"

Ta dube shi daga ƙafafunsa masu taɓo har kansa. "Ustaz, kai ma da kanka?"

"Ni ma da kaina."

"In na ce ban gani ba fa?"

"Kin gani. Ko ƙuda bai shiga get ɗin nan ba ki sani ba."

Ta yi tsaki, ta fara lissafo su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya sha shayi da wanda ya wuce bai gaishe ta ba. Mutum goma sha tara kafin labarai, Muzammil na uku a cikinsu. Suka sa hannu a kan gwiwar Idirisu, leda na ɗiga. Ya ɗora rula ya ja jan layi. Mutum huɗu da suka iso bayan an fara labarai suka rubuta. Sannan ya rubuta: Idirisu Almahdi, takwas da minti bakwai. Hajaratu ta zuba masa shayi da citta mai yawa ta ce, "Sha. Kai dai Allah ya shirye ka, ko kuma ya shirya mu."

Da la'asar ya koma gida ya tarar da Awadiyya tana kwashe ruwa daga tsakar gida, Jidda na tsaye a kan gadon igiya. Ya gaya mata.

Ta ajiye bokiti. "Wa ya gan ka?"

"Mutum ashirin da uku."

"Suka ce me?"

"Suka ce in rubuta takwas saura kwata."

"Biron yana hannun wa?"

"Hannuna."

"Littafin fa?"

"Hannuna."

Ta dube shi, idanunta suka kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Sai ya ji wani sauti, ya ɗago, ashe dariya ce ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a bakin gado kusa da rago tana share hawaye da gefen mayafi. "Kakanka ya makara shekara arba'in," in ji ta, "kai minti bakwai. Alhamdu lillahi, ana samun ci gaba a gidan nan."

Ma'aikata suka rubuta takarda suna roƙon a cire ranar ruwa daga lissafi. Ustaz Wa'il ya kira Idirisu ya ce, "Ka ɗaure ni, Ammu. Da ka rubuta bakwai da kwata, da ba wanda zai tambaye ni. Yanzu doka ni na faɗe ta a gaban jama'a, makara kuma kai ka rubuta. In na goge, gobe kowa ruwa ne zai tare shi." Idirisu ya ce gaskiya ne.

Saura hanya ɗaya. In Muzammil ya makara ko sau ɗaya kafin ƙarshen Disamba, an yi kunnen doki ke nan, kujera ta koma wa wanda ya fi daɗewa. Ofis gaba ɗaya ya sa Muzammil a gaba. Hajaratu ta riƙa jan shi da hira tana cewa ruwan bai tafasa ba. Shi kuma kullum sai ya dafa ƙirji ya ce, "Gobe in Allah ya yarda zan makara. Rantsuwa na yi." Goben ta yi, takwas saura goma ga shi. Ba mugun mutum ba ne, amma mahaifiyarsa ta riga ta gaya wa unguwarsu duka, kuma wane ne ba ya son ganin Ka'aba?

Ranar Lahadi, uku ga Disamba, ya yi ta maza. Ya iso takwas saura minti shida, ya tsaya a bakin get ya juya baya yana kallon titi kamar mai jiran wani. Mutane suka taru a tagogi suna ƙus-ƙus. Saura huɗu. Saura uku. Hajaratu ta rage muryar rediyo.

Idirisu ya fito baranda da littafi a hannu. "Muzammil!"

"Ban iso ba tukuna, Ammu!"

"Ƙafarka tana cikin get tun takwas saura shida. Zo ka sa hannu. In ka ƙi, ni zan rubuta maka, in sa shaidu biyu."

"Haba Ammu! Taimakonka fa nake yi!"

"Na sani, Allah ya saka. Zo ka sa hannu."

Aka yi ta ihu daga tagogi, wasu na cewa a ɗaure Idirisu, wasu na cewa a kai shi asibiti. Muzammil ya shigo yana girgiza kai, ya sa hannu a saman layi, ya rataya kwat ɗinsa, ya fita ta ƙofar baya.

Ranar Alhamis ta ƙarshe a Disamba aka yi taro a baranda, aka ba Muzammil kujerar umara da takardar yabo mai cewa shi ne ma'aikacin da ya fi kowa riƙe aiki. Da yake ba mai kyan rubutu kamar Idirisu, shi aka ba takardar ya rubuta sunan a kai. Ya zauna ya yi shi da baƙin tawada, harafi bayan harafi, har Ustaz Wa'il ya yaba. A jawabin ba a ambaci sunansa ba.

An sa tafiyar a watan Rajab. Sati ɗaya kafin nan Awadiyya ta ce ita fa ba za ta ci gaba da ciyar da Jidda ba, ya cinye mata tabarma biyu da igiyar shanya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka yanka shi. Maƙeran layin Almahdi suka zo, da matan da ke sayen humra, da mutanen ofis mota biyu, Muzammil ne ma ya ɗebo su. Aka kafa wuta a ƙofar gida, wani ƙanen Awadiyya ya gasa agashe, tsiren nan mai ƙuli da yaji da Hausawan Umdurman suka yi suna da shi, ƙamshi ya cika lungu.

Wani tsohon maƙeri ya ce, "Awadiyya, na ji an ce ba shi zai tafi ba. To karamar mece ce wannan?"

"Ta minti bakwai ce, Baba," in ji ta. "Ci ka yi addu'a."

Tun daga ranar maƙeran suka laƙaba masa suna. In ya wuce ta layinsu sai su buga guduma a kan ƙarfe su ce, "Minti Bakwai, an fito?" Shi kuma ya ɗaga musu hannu.

Da aka ci aka sha shayi, Idirisu ya ja Muzammil gefe, ya ciro carbin daga aljihu, ya ba shi labarin Malam Tanimu da jakinsa da daminar da ta zama shekara arba'in. Ya ce, "Mahaifina cewa ya yi duk wanda ya sami hanya ya kai shi. Kai ka sami hanya. Ka yi ɗawafi da shi, ka dawo mini da abina."

Muzammil ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Ammu, ka san fa ni..."

"Na sani. Ni na fi kowa sani. Riƙe shi da kyau, zaren ya tsufa."

Kwana goma sha huɗu Muzammil ya yi. Ranar da ya dawo bai wuce gidansu ba sai da ya biyo Umdurman, kansa a aske, da jarkar zamzam da ledar dabino. Ya buɗe wayarsa ya nuna hoto: hannunsa a ɗage, baƙin carbin goriba na reto a yatsunsa, ga Ka'aba a baya. Suhaila ta karɓe wayar ta ƙara girman hoton, ta ce wani abu da Larabci. Awadiyya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Idirisu ya karɓi carbin ya sa a hanci, ya ja shi ƙwallo ɗaya-ɗaya har ƙarshe, ya tabbatar ba wanda ya ɓace. Sannan ya ɗauko akwatin mahaifinsa, ya rubuta a cikin murfin da kyakkyawan rubutunsa: Carbin Malam Tanimu na Haɗeja. Ya tashi Umdurman ashirin da uku ga Maris, 2018. Ya isa. Ya dawo shida ga Afrilu.

A ƙarshen shekarar aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofar ofis, aka karɓi littafi da makulli, aka mai da Idirisu ɗakin tsofaffin taswirori a kan matakinsa na da. Muzammil ya ci gaba da dangwala yatsa takwas saura goma yana fita ta ƙofar baya, sai dai yanzu Haj Muzammil ake ce masa, kuma in ya ga Idirisu a tasha ba ya wuce shi.

Haramin yana nan cikin akwati. Duk farkon Rajab Awadiyya takan fito da shi ta shanya a igiya ya sha iska, ta sake turara shi. Idirisu yakan tsaya ya dube shi yana kaɗawa a rana, carbi a hannu.

"Me kake kallo?" takan ce. "Carbi ya riga ya ga hanya, saura mai shi. Wuce ka tafi aiki, shida da minti ashirin ta yi."